Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Saiwa Ɗaya Ta Lalata Ƙodar Mata Fiye Da 100

Maganin gargajiya na ƙasar Sin ya daɗe da yin suna a duniya, kuma ba a banza ba. Tun a shekarar 1596 aka buga babban littafin wani masani mai suna Li Shizhen, wanda ya bayyana magunguna iri 1,892 na itatuwa da dabbobi da ma'adinai. Daga cikin tsirran ƙasar ne kuma wata masaniya, Tu Youyou, ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake kira atimisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar Nobel a 2015. To amma duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, balle idan mai haɗa maganin ya ɗauki wannan saiwa a maimakon waccan.

Abin da ya faru a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam ya isa misali. Akwai wani ɗakin shan magani a can da ya yi shekaru yana ba mata maganin rage ƙiba ba tare da an ji wani abu ba. A cikin 1990 sai aka sake haɗin, aka ƙara garin wasu tsirrai biyu da aka shigo da su daga Sin. Ba a cika shekara biyu ba sai mata masu ƙuruciya, waɗanda a da lafiyarsu lau, suka fara zuwa asibiti da ƙoda a lalace. Wani likitan ƙoda mai suna Vanherweghem da abokan aikinsa suka lura cewa dukkansu wuri guda suka je neman rage ƙiba, suka buga labarin mata 9 a mujallar likitoci ta Lancet a 1993. Kafin ƙura ta lafa, waɗanda abin ya shafa sun haura 100, da yawa kuma sai da aka dinga yi musu wankin ƙoda ko aka dasa musu wata.

Da aka auna garin a ɗakin bincike sai gaskiya ta fito. Saiwar da aka rubuta a jikin maganin ita ce wadda Sinawa ke kira han fang ji. Wadda aka samu a ciki kuwa guang fang ji ce, daga wani dangin tsiro dabam da masana ke kira Aristolochia. A kasuwa dukkansu fang ji ake ce musu a gajarce, kuma 'yan kasuwa sun saba ba da wannan a madadin waccan. Ta biyun tana ɗauke da dafi mai suna asid na aristolochik.

Wannan dafi ba irin mai kayar da mutum nan take ba ne, shi ya sa ya fi haɗari. A hankali yake cin ƙoda, naman cikinta ya riƙa komawa tabo, ta tsuke, mai ita kuwa ba ya jin kome sai kasala da ƙarancin jini, sai abu ya yi nisa. Bugu da ƙari yana manne wa ƙwayoyin gado na jiki, ya zauna shekara da shekaru. A 2000 likitocin Beljiyam suka ba da rahoto cewa daga cikin majinyata 39 da aka yi wa aiki aka cire musu ƙodar da ta mutu, 18 an same su da ciwon daji a hanyar fitsari.

A Sin kanta an yi irin wannan musanya da wani magani mai suna mu tong. Na asali ba shi da wannan dafi, amma sai wani mai suna guan mu tong, shi ma ɗan dangin Aristolochia, ya maye gurbinsa a kasuwa, har ya shiga wata sananniyar ƙwaya mai suna Longdan Xiegan Wan. Hukumomin Sin suka hana amfani da shi a 2003, suka kuma hana guang fang ji a 2004. A tsibirin Taiwan an gano cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku na jama'ar an taɓa rubuta musu magani mai ɗauke da dafin tsakanin 1997 da 2003, shekarar da aka hana shi a can.

Kada mai karatu ya zaci sai an yi kuskure tukuna ake cutuwa. Akwai saiwar fu zi, wadda Sinawa da kansu sun san dafi ce, sai an sarrafa ta an kuma tafasa ta ta daɗe a wuta kafin a sha. Idan aka gajarta tafasar, baki ya mutu, bugun zuciya ya rikice, har a rasa rai. Akwai ma huang, wanda ke buɗe ƙirjin mai asma amma yana tayar da jini. Amurka ta hana sayar da shi a cikin magungunan ƙarin kuzari da rage ƙiba a 2004. Har gan cao mai zaƙi, da ake sa wa a yawancin haɗe-haɗe, idan aka daɗe ana sha da yawa yana kawo hawan jini da kumburin ƙafa.

To yaya ake rarrabewa? Gwanayen sana'ar suna duba launi, su shinshina, su ɗanɗana, su yanka saiwar su ga cikinta. Han fang ji idan an yanka ta fara ce mai gari-gari, guang fang ji kuwa ta fi itace-itace, da layuka a fili kamar wayoyin ƙafar keke. Amma da zarar an niƙa an ɗura a kafso, ido ba shi da sauran aiki. Sai madubin likita, da awon sinadarai, da kuma gwajin ƙwayoyin gado na tsiron. Don haka ne masana ke nacewa a rubuta sunan kimiyya na kowane tsiro a jikin kwali, domin suna ɗaya na kasuwa yana iya hawa kan tsiro biyu ko uku.

Maganar ta shafi mutanen Nijeriya ta fuska biyu. Ta farko, shayi da kafso da ake cewa na Sin ne suna yawo a kasuwanni da tashoshin mota, wasu rubutun jikinsu ma ba mai iya karantawa. Ta biyu, dangin Aristolochia suna fitowa a ƙasar Hausa, cikinsu har da wanda ake kira duman dutse ko maɗacin ƙasa, da ake jiƙawa a sha.

Sabo da haka mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC da jerin abin da ke ciki, ya guji duk wanda aka rubuta Aristolochia, ko fang ji da mu tong da ba a fayyace wane iri ba ne. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda ko hawan jini kada su sha sai da shawarar likita. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana sha, ya ɗauki kwalin ya tafi asibiti a auna masa jini da fitsari, ya kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, gama ƙodar da ta zama tabo ba ta komawa kamar da.