Ɓacin Cikin Ƙananan Karnuka Da Yadda Ake Kiwonsu A Gida

A gabashin gundumar Bronx, cikin birnin New York na ƙasar Amurka, akwai wata unguwa da ake kira Soundview, daidai inda kogin Bronx ya faɗa cikin babban ruwa. Mutanenta iri-iri ne, har da baƙi daga Afirka ta Yamma, kuma da yawansu a ɗakunan haya na dogayen benaye suke zaune. Da yake wurin zama ba yalwa, masu sha'awar kare sukan zaɓi 'yan ƙanana, irin su Chihuahua da Yorkshire, waɗanda nauyinsu bai cika wuce kilo 3 ba. Safe da yamma akan gan su ana janye da su a babban lambun shan iska na unguwar.

Mai sauraron da ya saba da karen farauta ko na gadi, wanda ke cin ragowar tuwo yana kwana lafiya, zai yi mamakin jin cewa loma guda ta kitse tana iya kai irin waɗannan karnuka asibiti. Dalilin kuwa shi ne ƙanƙantar jikinsu. Kare mai kilo 3 ruwan da yake bukata a yini bai kai cikin kofin shayi ɗaya ba, saboda haka in zawo da amai suka haɗu masa, nan da nan jikinsa ke bushewa. Har wa yau, ƙaramin jiki yana ƙone abinci da sauri, ajiyar sukarin da ke hantarsa kuwa kaɗan ce. Shawarar da aka saba bayarwa a da, watau a hana kare abinci yini guda cur domin cikinsa ya huta, ba ta dace da ƙananan karnuka ba, balle kwikwiyo. In sukarin jini ya faɗi sai a ga kare yana tangaɗi yana makyarkyata, wani ma har ya suma. Idan haka ta faru sai a shafa masa zuma a dasashi, a ruga da shi wurin likitan dabbobi.

To, in ɓacin cikin mai sauƙi ne, kare yana da kuzarinsa yana kuma shan ruwa, ga abin da likitoci suka yarda a yi a gida. In ya yi amai, a dakata 'yan sa'o'i kaɗan, ana ba shi ruwa cokali cokali. Sa'an nan a dafa tsokar kaza cikin ruwa zalla, a cire fata da ƙashi, kada a sa gishiri ko mai ko kayan yaji. A haɗa kashi ɗaya na naman da kashi biyu na farar shinkafa wadda ta dahu luguf, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau 4 zuwa 6 a yini. Dafaffiyar kabewa cikin ƙaramin cokali takan taimaka wajen ɗaure ciki, takan kuma sassauta shi in ya cushe, domin harzarta tana riƙe ruwa a hanji. Madara kuwa a bar ta, gama yawancin karnukan da suka girma ba su iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai ta ƙara musu zawo. Bayan kwana 2 ko 3, in kashi ya daidaita, sai a fara garwaya abincinsa na kullum a hankali har a koma kansa ɗungum.

Akwai abubuwan da mutum ke ci lafiya amma guba ne ga kare. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, don haka tsire da kilishi da ragowar miya ba nasa ba ne. Inabi da zabibi suna iya lalata ƙoda. Cakulan da goro suna ɗauke da sinadarin da ke sa zuciyarsa bugawa fiye da ƙima. Wani abin zaƙi da ake sawa a cingam, mai suna zailitol, yana kayar da sukarin jini cikin ɗan lokaci. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji. Kitse mai yawa kuma yana kumbura wata 'yar tsoka da ke kwance kusa da tumbi, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo ne mai tsanani da ya fi kama wasu ƙananan karnuka. Likitocin Amurka sun san shi sarai bayan bikin godiya na watan Nuwamba, sa'ad da ake jefa wa karnuka fatar talotalo, kuma hatsarin ɗaya ne a Kano ko Maraɗi lokacin suyar naman layya. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibuprofen, kada a kuskura a ba kare da ka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abinci ba ya maganin kowane zawo. Wani tsutsar ciki ce ke kawo shi, wani kuwa ƙwayoyin cuta ne da kare ya lasa a kududdufi ko a kashin ɗan'uwansa. Tun shekarar 1978 dokar New York ta tilasta wa mai kare ya kwashe kashin karensa daga titi. A wannan shekarar ce kuma cutar da ake kira farbo ta ɓarke a duniya, tana kashe kwikwiyo da amai da zawon jini, har masana a Jami'ar Cornell ta jihar New York suka samo allurar rigakafinta. Har yau wannan allura ita ce babbar garkuwar kwikwiyo.

Saboda haka mai kare ya lura da alamun da ke nuna kiwon gida ya ƙare. In an ga jini a kashi ko a amai, ko kashi ya yi baƙi ƙirin, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura kare yana kuka in an taɓa shi, ko dasashi ya yi fari ya bushe, ko an ja fatar wuyansa ta ƙi komawa da sauri, to, sai likita. Haka kuma in zawo ya wuce yini guda, ko ana zaton ya ci guba. Kwikwiyo da tsohon kare kuwa ba a jira da su ko da kwana ɗaya ne.