Ciwon Suga a Gidajen Arewa: Yadda Dangi da Abokai Ke Karɓar Labarin

Ciwon suga yana samuwa ne idan jiki ya kasa sarrafa sukarin da ke cikin jini, ko don ƙarancin sinadarin insulin, ko don sinadarin ya daina aiki yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Dogon Kiriya da sauran garuruwan Arewa na Dogondutsi da Tibiri, cikin jihar Doso, sau da yawa ba a gano shi sai ƙishirwa da fitsarin dare da rama sun daɗe suna damun mutum. Ana tabbatar da shi da gwajin jini da safe kafin karin kumallo, idan awo ya kai gram 1.26 a kowace lita har sau biyu.

Kafin gwaji, dangi sun riga sun yanke nasu hukuncin. Magidanci mai ƙiba da ya zube cikin 'yan watanni, wani zai ce sammu ne, wani ya ce iskoki, wasu su koma gefe suna raɗe-raɗin ƙanjamau. Shi ya sa takardar likita kan kwantar da hankalin gida: an dai san sunan ciwon. Daga nan sai 'yan dubiya, kowa da "Sannu, Baba, ya jiki?" kowa kuma da maganinsa a hannu, daga sassaƙen maɗaci zuwa ganyen dogon yaro, bisa tunanin cewa ɗaci ne ke kashe zaƙi. Niyyar tana da kyau. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da aka ce wa mara lafiya ya ajiye ƙwayoyin asibiti tunda ga jiƙo.

Babban nauyin yana kan matar gida, domin ita ke riƙe da tukunya. A ƙasar gero, hura ce abincin rana, tuwo na dare, kuma akushi ɗaya ake haɗuwa a kai. Wasu gidajen sukan ware wa mara lafiya ɗan kwanonsa, su hana shi kusan komai, har ya ji kamar an kore shi daga cikin iyalinsa, ya koma cin abin da aka hana shi a ɓoye. Gidajen da suka fi dacewa su ne waɗanda suka gyara girkin kowa: a dama hura ba sukari, a rage malmalar tuwo, a yawaita wake da zogale da miyar kuka. Wannan ba ya cutar da kowa, balle da yake ciwon yana bin jini, 'ya'yan gidan ma suna cikin haɗari.

A fada kuwa, wato majalisar abokai, shayi ne jarrabawa. Zubi uku ake yi, kowanne da sukarinsa, kuma ƙin karɓar kofi yana kama da raini. Abokin kirki shi ne mai zuba wa mara lafiya nasa kafin a saka sukari, ba tare da an mai da abin na tsokana ba.

Abokan aiki, a gona ko kasuwa ko makaranta, abu ɗaya ya kamata su sani. Mai shan magani ko allurar insulin, idan ya wuni bai ci ba, sukarinsa kan faɗi: gumi, rawar jiki, maganar da ba kai. A nan sukari ne magani, a jiƙa a ba shi in yana iya haɗiya. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Haka batun azumi: addini ya yi wa mara lafiya rangwame, bai dace a riƙa yi masa gori ba.

Sai kuɗi. Ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, don haka gudummawar makon farko ba ta isa. Akwai magani duk wata, akwai kuɗin mota zuwa asibitin Dogondutsi, wani lokaci har Doso ko Yamai. 'Yan'uwa da ke ci-rani za su fi taimakawa da aike kaɗan-kaɗan a kai a kai. Na gida kuma su riƙa duba tafin ƙafar mara lafiya kowane dare, domin ciwon yana kashe jin zafi, ƙaya ɗaya a gona kan zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa.