Gumel da Maigatari: Gidan Sarauta da Bakin Kasuwa

Wanda ya taso daga Kano ya nufi arewa maso gabas, Gumel zai fara tararwa. In ya ƙara gaba kaɗan, sai ga shi a Maigatari, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Garuruwan nan biyu ƙasa ɗaya suke, amma kowanne da abin da yake tinƙaho da shi.

Gumel dai tsohuwar masarauta ce, wadda Mangawa suka kafa wajen shekarar 1750. Ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno ta bi, ta kuma sha gwabzawa da Damagaram da Haɗejiya kafin Turawan Ingila su iso a 1903. Har wa yau Sarkin Gumel ne uban ƙananan hukumomi huɗu, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, inda ake horar da malaman da ke koyar da 'ya'yanmu. Mai son ganin ƙawar garin, sai ya zo ranar hawan Salla, ya kalli dawaki a ƙofar fada.

Ita kuwa Maigatari, kasuwa ce darajarta. Kowace Alhamis fatake kan koro shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, manyan motoci su yi lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Riɗi da zoɓo da wake da manoman yankin suka noma, nan suke samun mai saye. Baƙo ko bai zo da kuɗin sayayya ba, kallon karar raƙuma kaɗai ya ishe shi labari.

To, wanne ya fi? Mu dai a ganinmu, amsar tana bakin iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake rufewa, har Maris 2024. A waɗannan lokuta ba dillalan shanu kaɗai suka ji a jikinsu ba. Direban da ke jigila daga tashar Gumel, da mai tuwo-tuwo, da manomin da ke jiran kuɗin riɗi don biyan kuɗin makarantar ɗansa, duk sun ɗanɗana.

Ashe ke nan kasuwar Maigatari na ciyar da Gumel, Gumel kuwa na ba Maigatari malamai da inuwar sarauta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka muna kira ga hukumomin ƙasashen biyu, duk sa'ad da za su yanke shawara kan iyaka, su tuna da talakan da abincinsa ke rataye da kasuwar Alhamis.