Kolombiya, Kano da Tabon Ƙwaya

Duk wanda ya ambaci ƙasar Kolombiya a majalisar samari, ko a birnin Kano ne ko a gindin inuwa a Unguwar Hajji, kafin ya rufe baki za a ce masa hodar iblis da Pablo Escobar, alhali kuwa an kashe mutumin nan a Medellin tun 1993, kuma ƙasar da ta haife shi ita ta haifi Gabriel Garcia Marquez, marubucin da ya karɓi lambar Nobel a 1982. Ganyen koka da ake tuhumar 'yan Kolombiya da shi, mutanen duwatsun Andes tun kaka da kakanni suke taunarsa don kashe yunwa da gajiya. Wani masani Bajamushe ne ya tace hodar daga cikinsa a 1860, babbar kasuwarta tana Amurka, daga can kuma shirin Narcos ya fito a 2015, ya ƙara shafa wa mutanen Kolombiya miliyan 50 kashin kajin da 'yan tsiraru suka jawo.

Mu Kanawa mun ɗanɗani irin wannan. A 2018 gidan BBC ya nuna wa duniya matasanmu da kwalaben kodin, bayan Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, nan take gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Tun daga nan ake ambaton Kano kamar ita ce uwar fasadin, ko da yake binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya nuna masu ta'ammali da ƙwaya kashi 12 cikin ɗari ne a Arewa maso Yamma, a Kudu maso Yamma kuwa sun haura 22.

Illar mugun suna ba a baki take tsayawa ba. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Madina, ta je umra tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka cike da tiramol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne, kafin gaskiya ta yi halinta.

Ba ina cewa gidanmu tsarkakakke ne ba, domin duk manomin Rogo ko Ƙaraye ya san saurayin da ke haɗiyar tiramol da sassafe kafin ya shiga ƙwadago a gonar masara, ƙwayar da galibi daga Indiya ake yo safararta ta tashoshin ruwan Legas. Amma shari'a ba ta kama mutum da laifin waninsa, zato kuma ba hujja ba ne. Saboda haka muna kira ga Masarautar Ƙaraye da limamanmu da iyaye su tashi haiƙan a kan masu sayar da wannan guba a ƙauyuka, maniyyata kuma kada su karɓi saƙon jakar da ba su buɗe da hannunsu ba.