Mataimakin mai bincike da taɓin hankalin da ke fitowa daga garkuwar jiki

Mun san yadda taɓin hankali yake fara wa matashi. Ya daina barci. Ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke jin su. Ya zargi iyayensa da nufinsa da sharri. Likitoci sun gano cewa wasu kaɗan daga cikin irin waɗannan, ciwonsu daga garkuwar jiki yake fitowa.

Mece ce garkuwar jiki? A cikin jininmu akwai masu tsaro da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Su ne allurar rigakafi take horarwa. Amma wani lokaci sukan ɓata hanya, su far wa ƙwaƙwalwar mutum, kamar kare ya ciji maigidansa. A shekarar 2007, likita Josep Dalmau da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wannan ciwo a jikin mata 12. A 2013, wani bincike kan majinyata sama da 500 ya nuna kusan 8 cikin 10 sun samu sauƙi sosai bayan an yi musu magani.

A Ingila, likita Belinda Lennox ta jami'ar Oksfod ta jagoranci auna jinin mutum 228 da taɓin hankali ya fara kamawa. Sakamakon ya fito a 2017: an samu irin waɗancan masu tsaro a jinin mutum 7. Daga nan aka shirya gwajin wasu magunguna biyu da ake ƙara wa mutum ta jijiya, don kwantar da garkuwar.

A irin wannan gwaji, likita ba ya iya aikin shi kaɗai. Yana buƙatar mataimaki. Mataimakin ne ke zuwa wajen mara lafiya da iyalinsa, ya yi musu bayani dalla-dalla. Ba a ɗibar jinin kowa sai da yardarsa, kuma wanda ya yarda yau yana da ikon janyewa gobe. Mataimakin yakan kula da jinin har ya isa ɗakin awo. Yakan yi tambayoyi iri ɗaya wata bayan wata: yaya barci? Muryoyin sun ragu? Ya rubuta amsa yadda aka ba shi, ya kuma riƙe sirri.

Ga abu mafi wuya. Wasu ana ba su maganin, wasu kuma ruwan da babu magani a ciki. Mara lafiya bai san wanne ya samu ba, mataimakin ma haka. Dalili kuwa, mai fatan ganin sauƙi yakan gan shi ko babu. Da haka ake rarrabe maganin gaskiya da na zato.

Mu kuma me za mu ɗauka? Taɓin hankali ciwo ne, kuma yawancinsa yana da magungunan da aka daɗe da sani. Idan ya zo wa mutum cikin kwanaki ko makonni kaɗan, tare da zazzaɓi, farfaɗiya ko ɗaukewar magana, mu hanzarta. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ma sukan rikita hankali. Kada mu ɗaure shi da mari, kada mu ɓoye shi a ɗaki don kunya. Mu kai shi gidan likita mafi kusa tun ciwon yana sabo, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.