Kalmar "Oke" a Bakin Hausawan Kudancin Katsina: Asalinta, Ma'anoninta da Iyakarta

1. Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi akwai wani ɗan rukuni wanda asalinsa sunayen haruffa ne kurum. Tun zamanin Turawa N.A. ta zama En'e, D.O. kuma ya zama Di'o, har wanda bai taɓa shiga aji ba yana faɗarsu, bai san haruffa ya ke karantawa ba. En'e da Di'o sun tafi da zamaninsu, amma 'yar'uwarsu O.K. kullum sai ƙara yaɗuwa ta ke yi. Wannan maƙala za ta duba asalinta, da yadda a ke amfani da ita a ƙasar Tafoki da kewayenta, watau Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, domin a ga ko gaskiya ne abin da waɗansu malamai su ke tsoro, wai za ta kori "to" daga bakin yara.

2. Asalinta

Farkon ganinta a rubuce da wannan ma'ana shi ne a jaridar Boston Morning Post ta Amurka, ran 23 ga Maris, 1839. A lokacin nan 'yan jaridar Boston suna wani wasa na ɓata rubutun kalmomi da gangan, sa'an nan su taƙaita su. Sai suka ɗauki "all correct", watau kome daidai, suka rubuta "oll korrect", suka yanke ta ta koma O.K. Sauran irin waɗannan taƙaitattun kalmomi duk sun mutu. Abin da ya raya wannan kuwa siyasa ce: a zaɓen 1840 magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, wanda a ke wa laƙabi da "Old Kinderhook" saboda sunan garinsu, suka mai da haruffan nan biyu takensu. Allen Walker Read na Jami'ar Columbia shi ya bi diddigin wannan tarihi a mujallar American Speech a 1963 da 1964.

Akwai masu wani ra'ayi dabam. Waɗansu sun ce daga "okeh" ta harshen Choctaw ta fito, har Shugaba Woodrow Wilson haka ya ke rubuta ta. Masanin harsunan Afirka David Dalby kuma, a wajen 1970, ya ce mai yiwuwa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka kai ta, don Wolof tana da "waw kay", Mandinka kuma tana da "o ke". Ra'ayin yana da daɗin ji a kunnen ɗan Afirka, amma kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja, kuma shaidar rubutu ta fi ƙarfi a wajen Read. Ko ma yaya ne, Hausa dai daga Ingilishi ta karɓe ta.

3. Furucinta

Baturen Ingila yana furta ƙarshenta da tagwan wasali, amma Bahaushe ya kan miƙe shi ya zama dogon "e", kamar yadda ya yi a tebur da reza, da kuma harafin A na En'e. Saboda haka "oke" ba ɓatanci ba ne, ƙa'idar aro ce ta bi. Kalmomin Hausa na asali masu farawa da "o" kaɗan ne ƙwarai, irin su oho. Yawancinsu baƙi ne, kamar ofis da oda, ita ma cikinsu ta sami masauki.

4. Ma'anoninta

A wannan yanki na manoman masara da dawa da auduga, an fi jinta a tasha, da gareji, da bakin 'yan kamasho da masu awon hatsi, musamman tun da wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Ana iya kasa aikinta kashi huɗu.

Na ɗaya, yarda. Dillali ya ce, "Buhu goma zan aiko maka gobe." Abokin cinikinsa ya ce, "Oke."

Na biyu, fahimta. Wanda a ke yi wa kwatancen hanya ya kan ja ta ya ce, "Okee, ta bayan masallaci ke nan." A nan bai yarda da kome ba, nunawa ya ke ya gane.

Na uku, bayyana lafiyar abu. Makanike ya ce, "Injin ya yi oke," ko direba ya tambayi yaron mota, "Kome oke?" A nan ta tsaya a gurbin "daidai" ko "lafiya lau".

Na huɗu, sunan maɓalli. Mai shagon cire kuɗi ya kan ce wa tsoho, "Baba, sa lambarka, ka danna oke." Ta haka mutane da yawa da ba su yi boko ba suka shaida siffar haruffan nan biyu.

Abin lura shi ne, a Ingilishi kalmar tana iya zama aikatau, amma a Hausa ba ta zama ba. Ba a cewa "ya oke takardar", sai dai "ya amince" ko "ya sa hannu".

5. Tsakaninta da "to"

In aka gwama su, za a ga a na ɗaya da na biyu ne kaɗai suka yi tarayya. A na uku da na huɗu "to" ba ta shiga, gama ba mai cewa "injin ya yi to". Haka kuma "to" tana da gurabun da baƙuwar ba ta iya takawa. Ita ce mai haɗa sharaɗi da jawabinsa: "In ruwa ya sauka da wuri, to, bana sai godiya." Ita ce ta mamaki, sa'ad da aka ji labari aka ce, "Tooo!" Ita ce kuma ta gargaɗi, kamar uwa ta ce, "To fa, na gaya maka."

Babban bambancinsu kuwa a wajen ladabi ya ke. "To" tana hawa sama, tana sauka ƙasa: ɗa ya ce "To, Baba", mace ta ce "To, Malam", talaka ya ce wa hakimi "To, ranka ya daɗe". "Oke" kuwa tsakanin tsara ta ke yawo, ko daga babba zuwa ƙarami. Yaron da mahaifinsa ya aike shi gona ya amsa da "oke", a ƙauye sai a ce ya yi fitsara, ko da bai nufa ba. Dalili shi ne, "to" ta yaro tana nufin na ji, na bi. "Oke" kuwa tana nufin na duba, na yarda, watau maganar wanda ya ke da ikon ƙi. A saƙon waya ma, in aka yi wa mutum dogon bayani ya mayar da "ok", balle "k" tilo, sau da yawa a kan ɗauka fushi ya ke yi.

6. Shawara ga malamai

Daga abin da ya gabata za a ga tsoron nan ba shi da tushe. Baƙuwar ba ta ƙwace gidan "to" ba, zaure kurum aka ba ta. Saboda haka bai kamata malami ya yi ta jan layi a ƙarƙashinta ko'ina ya gan ta ba, abin da ya fi shi ne ya koya wa ɗalibi muhallinta. A cikin wasan kwaikwayo ko labari, in direba ne ke magana, a bar shi ya ce "oke", a kuma rubuta ta haka da haruffa uku, yadda aka yi wa En'e da Di'o. A wasiƙa zuwa ga magabaci, ko a insha'i, sai a nemi "to", ko "na amince", ko "daidai ne", gwargwadon abin da a ke nufi. Malamin Ingilishi shi ma ya san cewa ko a can gidanta kalmar hira ce, ba a cika sa ta a takardar hukuma ba. Masu tsara ƙamus kuwa, ya dace su shigar da ita da ma'anonin nan huɗu, su kuma nuna wanda a ke faɗa wa ita da wanda ba a faɗa wa.