Daga Kafireto Zuwa Injekta: Abin da Ya Kamaci Mai Koyo Ya Sani

A shekarar 1975 ne kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Motar 504, wadda ta cika harabar ma'aikatun gwamnati a wancan zamani, da kafireto take aiki, kuma a kansa ne makanikan Kakuri da Makera da Barnawa suka koyi sana'a. Sa'ad da motoci masu injekta, irin su 406, suka yawaita, sai wasu makanikai suka riƙa cire shi suna mayar da kafireto, domin shi suka sani. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuwa, akasin haka ne ya fi riba ga mai tsohuwar mota. To, amma wanda zai yi wannan aiki da hannunsa sai ya san cewa awo shi ne ginshiƙinsa.

Fetur yana ƙonewa sarai ne idan an gauraya kashi 1 nasa da kashi 14.7 na iska, bisa nauyi. Kafireto yana kintatar wannan gauraye ta hanyar zuƙar iska. Shi kuwa injekta lissafi yake yi. Akwai 'yar kwamfuta, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, da ke karɓar labari daga na'urorin awo: saurin juyawar inji, da yawan iskar da ke shiga, da zafin inji, da ragowar iskar oksijin a cikin salansa. Daga nan sai ta yanke tsawon lokacin da bakin injekta zai buɗe ya fesa mai, watau 'yan kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa irin wannan tsari a motar Volkswagen 1600 a shekarar 1967. A shekarar 2001 kuma Bruce Bowling da Al Grippo na Amurka suka fito da MegaSquirt, ƙwaƙwalwar da mutum zai harhaɗa da kansa.

Abu na farko, inji ya kasance lafiyayye. Kwamfuta ba ta maganin fistan da ya cinye, ko fulogin da ya mutu.

Na biyu, a kiyayi matsin mai. Famfon kafireto ba ya kai rabin ba ɗaya, alhali injekta yana bukatar wajen ba 3. Tsohon tiyo ba zai jure wannan ba, kuma in ya tsage bisa inji mai zafi, gobara ce. Tilas a sa sabon tiyo mai ƙarfi, da sabuwar matatar mai, a kuma haɗa famfo yadda zai tsaya da zarar inji ya mutu.

Na uku, a tsabtace wayarin. Waya ɗaya da ba ta kama jikin inji sosai ba takan sa na'urar awo ta ba da labarin ƙarya, kwamfuta kuwa ta gaskata.

Na huɗu, a bi sannu. Kamata ya yi mai koyo ya fara da sarrafa mai kaɗai, ya bar tsarin wuta yadda yake. Ya sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya rubuta sakamako, yana duban na'urar awon oksijin, domin gaurayen da mai ya yi masa ƙaranci yana iya ƙone fistan ba tare da kunne ya ji alama ba.

Ɗalibi ya nemi tsohon inji ya kafa a kan benci. Ma'aikaci kuwa kada ya yi gwaji da motar da ke kai shi ofis. Gaggawa a wannan aiki asarar inji take jawowa, wani lokaci ma har da rai.